Jan Ɗigo a Murfin Gora

Shafi na 17

Masu cika min waya da "Anti ina ci gaba?" ku sassauta min don Allah, makon shagali ne, ni ma gidana cike yake da baƙi. Ke kuma da kika ce ina kare Auta saboda shi ne ɗan lelena a labarin nan, gyara zama. Yau za ki gani ko ina kare shi.

*

Maman Biyu ta tsaya gaban firji a buɗe, sanyi na dukan ƙafafunta, tana ƙirga gorunan lemo da yatsa.

Takwas.

Ta sake ƙirgawa. Takwas dai, kowace da jan ɗigo a murfi.

Sana'arta ke nan, lemon abarba da citta take haɗawa ta ɗura a gorunan roba, masu taro su saya. A makon hutun nan kuwa ko zaman cin abinci ba ta samu. Sai dai masu jan ɗigon ba na sayarwa ba ne, na mijinta ne, direban motar haya. Wata huɗu ke nan likita ya ce Baban Biyu na da ciwon suga, shi kuwa mutum ne mai zurfin ciki, ya ce kada kowa ya ji, ko a tasha ko a dangi. Shi ya sa take haɗa masa nasa daban babu sukari, ta ɗiga jan farce a murfi don kada a haɗa.

Huɗu ta yi masa jiya. Yau da safe ya ɗauki biyu ya jefa a 'yar kularsa, ya kwashi 'yan biyunsu, Aku da Mage, zai sauke su gidan kakarsu tunda hanyar motarsa ce.

Biyu ya kamata ta tarar. To takwas daga ina?

"Auta!"

Ta ɗaga murya.

"Auta, ba da kai nake ba?"

Ƙanin nata ya leƙo kicin yana miƙa, gashi a cukurkuɗe. Shekararsa ashirin da huɗu, sati uku ke nan da dawowarsa daga asibitin masu shaye-shaye inda ya yi wata takwas. Ita ta roƙi mijinta ya bar shi ya zauna da su, ita ta ɗauki alkawarin zai shiryu.

"Yaya, ga ni. Wai mutum ba zai yi barcin hutu ba?"

"Kai ka taɓa min jan farce?"

"Ni? Me zan yi da jan farce, amarya ce ni?"

Ya yi dariya, amma idonsa na kan firjin. Ta lura da haka.

"To aljanu ne suka ƙara min gora shida?"

"Ƙila kin manta ne. Kin san aiki ya yi miki yawa."

"Ni nake mantawa da gorata? Bari dai in ji."

Ta zaro ɗaya daga gaba, ta murɗe murfi, ta kai baki.

Ba ta ga tahowarsa ba. Hannunta kawai ta ji an kaɗe, gorar ta daki bango, lemo ya wanke tayil har ƙarƙashin murhu.

"Kada ki sha!"



Maman Biyu ta kalli lemon da ke malala, ta kalli ƙaninta. Wani wari ya taso daga ƙasa, ba na citta ba, irin warin da ta sha wankewa daga rigunansa shekara biyu da suka wuce.

"Me ke ciki?"

"Yaya, ki tsaya in yi miki bayani."

"Me ke ciki na ce!"

"Wallahi ba ni zan sha ba. Na rantse da Allah ko ɗigo ban kai bakina ba tun da na dawo."

"Auta."

Ya sunkuyar da kai.

"Abokaina ne. Akwai casu yau da yamma, ana caje mutane a ƙofa. Suka ce ba mai buɗe gorar lemo in da takardarki a jiki. Suka ce in ban kawo ba na zama ustazu, na manta mutane. Miƙa musu kawai zan yi in dawo."

"Da takardata. Da lambar wayata a jiki."

"Yaya..."

"Me ka zuba?"

"Maganin tari. Irin wancan."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

Ta matso har tana jin numfashinsa.

"Na yi maka wanka, na goya ka, na san fuskarka in kana ƙarya. Sai me?"

"Da ƙwayar barci. An daka." Muryarsa ta yi ƙasa. "Da giya kaɗan. Na ƙara sukari don ya ɓoye ɗacin."

Innalillahi. Ta dafa murfin firji.

"Me ya kai ka ɗiga musu ja?"

"Aku na tambaya. Na ce wanne lemo ne ba a taɓawa a gidan nan? Ya ce masu jan ɗigo, ba daɗi, ko kyauta ba sa sha. Na ɗauka waɗanda suka lalace ne kike warewa. Na ce nan ne ba wanda zai kai hannu."

"Ba wanda zai kai hannu."

"E mana, shi ya sa ma na..."

"Na Baban Biyu ne."

Ya ɗago.

"Suga gare shi, Auta. Nasa ne marasa sukari. Biyu ya ɗauka da safe."

Ta ga yadda jini ya bar fuskarsa, leɓensa ya bushe nan take. Ya durƙusa gaban firjin ya fara zaro gorunan yana jerawa a ƙasa.

"Naki nawa?"

"Huɗu."

"Nawa shida. Ƙila naki ya ɗauka. Ƙila ya miƙa hannu ciki. Yaya, ƙila naki ne."

Suka bi su ɗaya bayan ɗaya, tana buɗewa tana shinshinawa. Ta farko, warin nan. Ta biyu, warin nan. Ta uku ma haka. Da wadda ta zube, huɗu ke nan.

Saura huɗu a can lungu.

Ta buɗe. Citta zalla. Ta buɗe ta gaba, citta. Ta gaba, citta.

Ta ƙarshen ta daɗe a hannunta kafin ta murɗe. Auta ya rufe ido yana motsa baki.

Citta.

Nata huɗu ga su cif, ba wanda ya taɓa. Na Auta ne a gaba, su hannun mijinta ya fara samu.

"Mutum goma sha takwas ya ɗauka," ta faɗa a hankali, kamar da firjin take magana. "Da 'ya'yana a kujerar bayansa."

Sai ta zabura ta wawuri waya.

Ta kira. Tana ta ringin har ta katse.

Ta sake kira. Ta katse.

Ai ta sani. Baban Biyu in ya kama sitiyari, wayarsa na cikin aljihun mota a rufe, ko uwarsa ce ta kira sai ya tsaya. Sau nawa ta yi alfahari da wannan a gaban matan direbobi? "Ni mijina ba ya waya a kan hanya." Yau ga shi dokar ta juyo kanta.

"Yaushe yake sha?" Auta ya tambaya.

"In ya haye babbar gada. Kullum. Ya ce nan rana ke fara cizo."

"Ƙarfe nawa?"

"Wajen sha ɗaya."

Duka suka kalli agogon bango. Goma da minti ashirin da biyar.

"Tasha," in ji Auta. "Yaya, tasha! Kowane fasinja yana rubuta lambarsa a takarda kafin mota ta tashi. In shi bai ɗauka ba wani zai ɗauka."

Ta zari mayafi ko ɗaurin ɗankwali ba ta gyara ba. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ɗauko gora ɗaya, da kwalaben da ka zuba, da fankon ƙwayar. Duka."

"Yaya, in mutane suka gani..."

"Su gani! In wani abu ya faru likita zai tambayi me aka sha. Kunyarka za mu ba shi?"

Ya shige ɗaki da gudu, ya fito da baƙar leda.

*

Titi a cunkushe kamar an buɗe wa gari ƙofa. Masu sayayyar hutu, masu ɗauke da kaji, yara da sababbin kaya, wata mota ta ƙure kiɗa samari na leƙowa ta taga da kofuna a hannu. Auta na tuƙa babur ɗin maƙwabcinsu yana kutsawa tsakanin motoci, ita tana baya waya a kunne, kira na tara.

"Yaya, ki yafe min."

"Tuƙa."

"Wallahi da na san..."

"Na ce tuƙa! In ka kayar da ni kafin in isa, ko a lahira ba ni ba kai."

 Ta ga bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf. Haushinsa take ji kamar ta shaƙe shi, amma can ƙasan zuciyarta wani abu na cin ta: da ta faɗa masa ciwon mijinta tun ranar da ya dawo, da bai ɗiga jan nan ba. Ta rufa wa miji asiri, ta rufa wa ƙani asiri, asiran biyu suka haɗu a firji ɗaya.

Goma da minti arba'in da bakwai suka shiga tasha.

Ofishin ƙungiya ɗaki ne ɗaya, tebur, fanka mai kuka, da ƙusa a bango da ake soke takardun motoci. Sakatare na zaune da kofin shayi, dattijo mai tabarau ɗaure da zare.

"A'a, Maman Biyu! Yau ke ce a ofishinmu? Ko kin kawo mana lemon hutu ne?"

"Baba Sakatare, takardar motar maigidana nake so. Ta safen nan."

"Takardar fasinja? Ai ba a ba kowa, 'yata. Lambobin mutane amana ce."

"Don Allah."

"Lafiya dai?"

Ta waiga. Direbobi uku ne a bakin ƙofa sun miƙo kunne. In ta faɗa, gobe duk tasha ta san mijinta na da suga, ta san ƙaninta ya koma ruwa, ta san an sami ƙwaya a lemon da take sayar wa mutane.

Auta ne ya wuce gabanta. Ya zazzage baƙar ledar a kan tebur, kwalabe suka gangara har ɗaya ta bugi kofin shayin.

"Ni na zuba wannan a lemo, Baba. Mijin yayata ya ɗauka bai sani ba, yana kan hanya da shi. In za ku kira 'yan sanda ku kira, ina nan ba inda za ni. Amma a fara tsayar da motar."

Sakatare ya kalli kwalaben, ya kalli saurayin ta saman tabarau.

"Kai, Allah ya shirye ka."

Ya miƙe da saurin da ba a san shi da shi ba, ya fizge takardar daga ƙusa.

"Ku shigo ku ukun nan, tsayuwar me kuke? Kowa ya fito da waya. Kai ɗauki ɗaya zuwa biyar. Kai shida zuwa goma. Duk wanda ya samu, direba ya gangara gefe ya kashe mota, kada ya sha komai. Komai!"

Ɗakin ya kaure da kira.

"A kashe take."

"Wannan lambar ba ta cika ba, tara ya rubuta."

"Ba ta shiga."

"Wannan ya ce shi bai yi tafiya ba, ƙaninsa ne ya rubuta lambarsa!"

"Mutanenmu ke nan," Sakatare ya yi tsaki. "A ce ka rubuta lamba ka rubuta ta maƙwabcinka."

Sha ɗaya saura minti huɗu.

Maman Biyu na bin layi da yatsa, idonta ya cika har rubutun na rawa. Na sha huɗu, a kashe. Na sha biyar, tana ringin ba a ɗauka. Na sha shida an rubuta da manyan baƙaƙe a karkace, irin rubutun da ake yi wa tsofaffi.

Ta danna.

Ringin ɗaya. Biyu. Uku.

"Salamu alaikum, wa ke nan?"

Muryar tsohuwa, ga ƙugin inji a bayanta. Maman Biyu ta ɗaga hannu, ɗakin ya yi tsit. Ta sa wayar a sifika.

"Iya, don Allah kina cikin farar bas mai ɗauke da 'yan biyu?"

"Eye? Ɗaga murya, 'yar nan, iska ta yi yawa."

"'Yan biyu! Mace da namiji!"

"Oho, jikokina na hanya! Ga su nan kusa da ni. Namijin nan tun da muka taso bakinsa bai huta ba. Ke ce uwarsu?"

"Ni ce. Iya, kun haye gada?"

"Gada? Tun ɗazu. Yau hanya ba cunkoso, direban nan kuwa hannunsa da sanyi, Allah ya yi masa albarka."

Auta ya dafe kai da hannu biyu.

"Iya, ki saurare ni. Direban ya sha wani lemo? A gora, mai jan ɗigo a murfi?"

"Lemo? Bari in ba ki sarkin zance, shi ya san komai. Kai, karɓi, uwarka ce."

Aka yi ƙwaramniya, sai ga muryar Aku tar kamar yana ɗakin.

"Mama! Mama, mun ga raƙumi a cikin mota! Wallahi a cikin mota, kansa a waje!"

"Aku, tsaya. Babanku ya sha lemonsa?"

"A'a."

"Ka tabbata?"

"Ya kurɓa kaɗan ya tofar ta taga. Ya ce yau Mamanku ta yi kuskure ta zuba sukari, shi ba zai sha ba."

Wani direba ya ce, "Allahu akbar!" Sakatare ya zauna daɓas a kujera yana share goshi da hula. Auta ya zube a gwiwa, kuka ya ƙwace masa.

"Alhamdu lillahi. Yaya, bai sha ba. Bai sha ba!"

Maman Biyu ta ji kamar an sauke mata buhu daga ka. Har ta buɗe baki za ta yi dariya.

"Mama," in ji Aku, "ashe lemon Baba da daɗi! Kullum ki riƙa yin irin na yau."

Ta matso da wayar kusa da bakinta.

"Wa ya ce maka da daɗi?"

"Ai mu ya ba. Ya ce kada a yi asara."

 

"Ka sha?"

"Kaɗan. Mage ta ƙwace, wai ita ce ƙarama. Ta shanye ɗaya duka, ko ragowa ba ta bar min ba. Ki yi mata faɗa, Mama. Ɗayar tana hannuna, sai mun kusa zan sha."

"Kada ka sha! Aku, ajiye ta! Ba Iya ta riƙe, yanzu!"

"To me na yi kuma?"

"Ba ka yi komai ba, ɗan albarka, ba ta kawai. Ina Mage? Ba ta wayar."

"Tana barci."

"Tashe ta."

"Na tashe ta ɗazu ta ga raƙumi, ta ƙi. Har mintsininta na yi." Ya yi 'yar dariya. "Mama, minshari take yi irin na Baba. Yawu duk ya ɓata wa Iya zani."

Auta ya taso daga ƙasa kamar an tsikare shi. Ya san wannan minsharin. A kansa aka taɓa jin sa, ranar da aka ɗauke shi a sume daga bayan wani shago. Ya fizge wayar daga hannun yayarsa.

"Iya! Iya, karɓi wayar! Ki ce direba ya tsaya! Ba barci take ba, magani ne a lemon! A kwantar da ita a gefenta, kada a ɗura mata ruwa, kada a sa ta amai, a duba numfashinta, asibitin da ya fi kusa, a tafi da gorar! Iya, kina ji na?"

"Eye? Wa ke magana kuma? Ɗan nan, ka ce a yi me da yarinyar?"

"A tsayar da mota! A tsay..."

Ƙit.

Ya kalli fuskar wayar. Ya sake kira. Ba ta shiga. Direbobin uku suka duƙufa kan nasu, kowa na danna lambar da ke gabansa, kowa na jin amsa iri ɗaya.

Sakatare ya cire tabarau a hankali, ya kalli agogon hannunsa.

"Sun shiga tsakanin duwatsu," ya ce. "Babu sabis a wurin nan."

"Har zuwa yaushe?" Muryar Maman Biyu ta fito siririya, kamar ba tata ba.

Dattijon ya kasa haɗa ido da ita.

"Minti arba'in, in hanya ta yi kyau."

Ta juya ta kalli ƙaninta. Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga hannu ba. Gorar da ya zo da ita ta ɗauka daga kan tebur, ta riƙe ta a gaban fuskarsa, jan ɗigon na kallonsa.

"Kai ka san abin nan, ni ban san shi ba. Kada ka yi min ƙarya, Auta. Shekararta shida, ta shanye gora guda." Ta ƙara matso masa da gorar. "Tana da minti arba'in?"

Auta ya kalli gorar, ya kawar da kai.